Har Layin Ƙasa

Ciwon idona ba irin wanda ake gani ba ne. Idanun fes suke, ba hakiya, ba ja, ba hawaye. Abin da ya lalace yana can ciki, kuma tsakiyar gani kaɗai ya cinye. Idan na dubi mutum sai in ga kunnuwansa da kafaɗunsa, fuskar kuwa kamar an goge ta da yatsa mai maiƙo. Shi ya sa nake kallon mutane ta gefe. Tun ina ƙarama ake yabona da kunya saboda haka, gwaggonnina har misali suke yi wa 'ya'yansu da ni, wai ba na tsare babba da ido. Ban taɓa gyara musu zancen ba.

A haka na lallaɓa har shekarar ƙarshe a jami'a. Wayata ce idona. Sai in ɗauki hoton shafi, in buɗa shi da yatsu biyu har kalma ɗaya ta cika fuskar wayar. Abin da ya yi yawa kuma 'yar ɗakinmu ke karanta min. Rediyo ake ce mata, don in ta kama tasha da safe ba mai kashe ta, kuma duk ɗakin kwanan ɗalibai ni kaɗai surutunta ya yi wa rana. To amma ɗakin jarrabawa ba a shiga da waya, ba a shiga da Rediyo. Da can nakan kai takardar tambayoyi dab da hancina, in bi ta a hankali, in amsa abin da lokaci ya bari, in tsallake da ƙyar. Bara ido ya ƙara ja baya. Kwas ɗin ƙididdiga, mai jadawali cike da ƙananan lambobi kamar tururuwa, ya kayar da ni sau biyu. Dokar makarantarmu kuwa, wanda kwas ɗaya ya kayar sau uku an sallame shi, ko da shi kaɗai ya rage masa. Ni ma shi kaɗai ya rage min.

Rediyo ce ta ja ni ofishin masu buƙata ta musamman. Shekara da shekaru ina wuce ƙofar nan a bayan laburare, ban taɓa ɗaukar cewa da ni ake ba.

"Ke dai kin cika taurin kai," in ji ta. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shiga, ko in shiga in faɗa musu da bakina, kin san kuma ba na rage murya."

Ɗan ɗaki ne mai fanka ɗaya, da keken guragu da tayarsa ta sace an jingine a lungu. Matar ofishin ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Ta ce abin da nake buƙata duk suna da shi: a buga min tambayoyi da manyan haruffa, a ƙara min lokaci, a bar ni in shiga da gilashin ƙara girman rubutu. Ta lissafa su a sauƙaƙe kamar mai faɗin abin da ke cikin firji. Na tsaya ina jin ta, ina tuna awannin da na yi hancina na gogar takarda.

"Amma ba ni ke cewa kin cancanta ba," ta ce. "Takardar asibitin waje ba ta isa ita kaɗai. An sha kawo mana na bogi, shi ya sa aka ce dole asibitin makaranta ya gwada ya tabbatar. Gwaji ɗaya ake yi wa ɗalibi a zango. Ki kawo tsofaffin takardunki, ki je su duba ki, su turo mana sakamako. Aikin minti kaɗan ne."

Tsofaffin takardun suna gida, cikin akwatin Baba. Ta haka ya ji.

Baba marubucin allon shaguna ne. Rabin sunayen da ke saman ƙofofin layinmu hannunsa ne, na teloli, na masu aski, na mai sayar da magani. Lokacin da zan shiga sakandare ta kwana aka ce sai an yi wa kowa gwajin lafiya, har da na ido. A lokacin wani likitan ido ya riga ya gaya mana abin da ke tafe. Sai Baba ya ƙirƙiri ciwon kai ya tafi asibitin unguwa, ya zauna a benci yana kallon allon gwajin nan mai babban E a sama, yana kwafa a bayan hannunsa. Ya dawo ya zana shi a kan falanki, girmansa ɗaya, tazarar layukansa ɗaya, ya kafa a bayan shago tsakanin gwangwanayen fenti. Kullum in na taso makaranta sai ya tsayar da ni a bakin ƙofa, ya ɗauki sanda ya nuna.

Haruffan ba na ganinsu, amma ina ganin hannunsa ta gefen ido: yadda ya sauka, yadda ya miƙe hagu ko dama. Da haka na san kowane harafi da mazauninsa, ko ta ina aka faro. In na kuskure Baba ba ya duka, ba ya faɗa. Shiru yake yi, ni kuwa gara dukan. In na dace sai ya yi ɗan gyaran murya, shi ke nan ladana. Na ci gwajin sakandare. Na ci na shiga jami'a. Allon nan iri ɗaya ne kusan ko'ina, kamar an haife su rana ɗaya.

Ranar da na je karɓar takardun yana tsugune yana cike harafi da jan fenti. Bai ɗago ba.

"Uwata, so kike su rubuta?"

"Baba, in ba su rubuta ba korata za a yi."

"Ni na san rubutu," ya ce. "Fenti ko na mai ne ana kankarewa. Abin da hukuma ta rubuta a kan mutum ba ya kankaruwa. Gobe ki je neman aiki, takarda ta riga ki shiga ofis."

"Sai na gama ai zan nemi aikin."

Ya goge buroshi a bakin gwangwani, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya tashi ya ɗauko takardun, ya miƙo min da hannu biyu. Ya ce ba zai hana ni ba, na girma, amma zai raka ni. Rakiya kawai. Umma ta ja ni gefe ta ce in bar shi ya je, kada ya ga kamar an ware shi. Na ce to.

Daren jajibirin gwajin ba mu yi wani dogon shiri ba. Rediyo ta sa na maimaita abu ɗaya kawai, kamar mai koya wa yaro gaisuwa: in faɗi abin da na gani, inda gani ya ƙare in ce ba na gani. Muka yi ta dariya, don abin ya yi kama da wasa. Wai ni za a koya wa cewa ba na gani.

Asibitin makaranta warin maganin goge ƙasa yake yi. Muka zauna a dogon benci tare da masu mura da wani da ya gurɗe a filin ƙwallo. Baba ya sa kayansa na zuwa suna, amma ƙamshin fenti bai bar shi ba. Da aka kira lambata ya biyo ni ya tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, shigo ka zauna mana," in ji nas ɗin. Ta jawo masa kujera ta ajiye a bayana.

Allon yana jikin bango kusa da taga. Ko ban gan shi sosai ba na san shi ne, daga tsayinsa da yadda baƙin ke raguwa zuwa ƙasa. Nas ta ba ni wani abu kamar ludayin roba na rufe idon hagu. Ta ɗauki rula ta tsaya gefen allon.

Harafin sama na gan shi da gaske, in na karkata kai. Na faɗa. Layi na biyu na ga inuwar abu biyu, na faɗa, wannan ma ba ƙarya ba ce sosai. Sai rula ta sauka layi na uku. Babu komai a wurin, hazo ne kawai. Nan ne muka yi da Rediyo zan tsaya. Na buɗe baki, maganar tana kan harshena. Ta gefen ido na ga hannun nas ya miƙe dama, daidai wurin da na sani, kujerar bayana kuma ta yi ɗan ƙara.

Sai na ji harafin ya fito.

Baba ya yi gyaran murya.

Daga nan ban san yadda zan ba da labarin ba, don ba ni na yi ba, ko kuma ni ce. Hannu ya sauka, baki ya faɗa. Hannu ya koma hagu, baki ya faɗa. Ina jin muryata kamar ta wata a ɗaki na kusa, a natse, ba gargada. Nas ta yi tsalle ta koma sama, ta dawo ƙasa, wai ko za ta kama ni, ba ta san da haka aka raine ni ba. Na bi ta har layin ƙasa, wanda ko ita sai ta matsa take tabbatarwa. Aka sauya ido, aka sake. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma ranar na san da wa suke.

"Kai, ke kam ko tuƙin jirgin sama sai ki yi," in ji nas. Ta zauna ta shiga danna kwamfuta.

Ƙarar dannawar ce ta dawo da ni.

"Sista, ban ga ko ɗaya ba. Haddace shi na yi."

Ta yi dariya, ta ga ban yi ba, ta daina. Ta leƙa ta kira likita. Ya shigo da makullin mota a hannu, da alama fita zai yi. Na sake faɗa masa. Na miƙa tsofaffin takarduna, ya ɗan buɗa su a tsaye.

"Kullum masu gani ke zuwa nan su ce ba sa gani," ya ce. "Yau kuma ga wadda ta karance allo kaf tana cewa ba ta gani. To ni wanne zan rubuta?"

"A kawo wani allon, likita. Ko jarida."

"Allonmu ke nan guda. In na ba ki jarida ki ce ba kya gani, shaidata mece ce? Abin da aka auna shi ne a gabana." Ba da faɗa ya yi maganar ba. Ya juya wajen Baba. "Baba, kai ne mahaifinta? Yaya idon nata a gida?"

Na juya kaina gefe don in ga fuskar Baba, abin da na samu hularsa ce da kafaɗa.

"Tsoron jarrabawa ne, likita," ya ce. "Yarinya ce. A yi mata uzuri."

Likita ya ce Allah ya ba da sa'a, ya fita. Nas ta ce sakamakon ya riga ya tafi, ba ta da ikon janyo shi. A waje Baba ya saya min ruwan sanyi. Ya miƙo min, muryarsa wasai. Ya ce ban manta ko ɗaya ba, bayan shekarun nan duka. Na sha ruwan. Na nemi haushi a cikina, ina ganin ya kamata a ce akwai, ban samu ba. Kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, haka na ji ni gaba ɗaya.

Matar ofishin ta yarda da ni. Wannan ne ma ya fi ban takaici, da ƙaryata ni ta yi da na samu wanda zan yi wa ihu. Ta cire tabarau ta ce ta yarda, wallahi ta yarda, tun ranar farko ta lura da yadda na nemi hannun ƙofa. Ta buga waya wurare biyu a gabana. Amsar ɗaya ce. Ana iya ɗaukaka ƙara, amma kwamitin da ke sauraronta ba ya zama sai sabon zango, bayan an gama jarrabawa.

"In na faɗi kafin nan fa?"

"In kin faɗi an sallame ki."

"Sai kwamitin ya dawo da ni?"

Ta ce kwamitin ƙarar ɗalibai kawai yake saurare, wanda aka sallama kuma ba ɗalibi ba ne. Na tambaya ko zan iya ɗage kwas ɗin. Ta ce sai da dalilin rashin lafiya, daga asibitin makaranta. In kuma na ƙi shiga, faɗuwa za a rubuta. Ta ce za ta rubuta wa shugaban sashenmu, ta kuwa rubuta. Ya amsa cewa yana tausaya min ƙwarai, kuma lamarin na ofishinta ne.

Rediyo ta yi kukan da ban yi ba. Ta zagi allon, ta zagi rula, ta zagi wanda ya ƙirƙiro kwamiti, Baba kaɗai ta tsallake saboda ni. Ta ce mu je gidan rediyo na gaske, ta ce mu tara ɗalibai. Na ce ta ɗauko littafin kawai. Kwanakin da suka rage ta karanta min ƙididdiga har muryarta ta dushe, abin da ba a taɓa gani ba. Na san kwas ɗin nan ciki da waje. Da za a karanta min tambaya, da na amsa ta ina tsaye.

Ranar jarrabawa aka zaunar da mu a babban zaure, tebur ɗaiɗai, jaka da waya duk a waje. Ta wata ƙofa can gefe na ga an wuce da masu ƙarin lokaci zuwa ƙaramin ɗaki, wani da sandarsa, wata ana tura ta a keke. Aka raba takardu a kife. Babban mai sa ido ya yi sanarwa cewa bana, saboda satar amsa, takardar tambayoyi ba ta barin kan tebur. Wanda ya ɗaga tasa an ɗauka yana nuna wa na baya ne.

Aka ce a fara. Na juya takardar. Shafi biyu ne, toka-toka, da wani murabba'i a tsakiya wanda na san jadawali ne. Na sunkuya har goshina ya kusa taɓa tebur, inuwar kaina ta rufe rubutun. Na karkata ta hagu, na samu kalma ɗaya da rabin lamba. Sai na ɗaga takardar zuwa fuskata yadda na saba.

Ba a jima ba na ji takalmi ya tsaya kusa da ni. Wani matashin malami ne, daga muryarsa.

"Malama, ajiye takarda a tebur."

Na ajiye. Ya juya zai tafi.

"Malam," na ce. "Ba na gani."

Ban taɓa faɗa wa baƙo haka kai tsaye ba, ba gabatarwa, ba takarda a hannu. Na zaci zan ji wani abu ya motsa. Maganar ta fita kamar kowace magana, wanda ke gabana ma bai waiwayo ba.

Malamin ya sunkuyo. Ya tambayi lambata, ya tafi gaba wajen babbansu. Na ga inuwarsu biyu sun haɗa kai a kan wata takarda. Ya dawo a hankali.

"Ba sunanki a cikin masu ƙaramin ɗaki. Kin je ofis kuwa?"

"Na je."

"Me suka ce?"

"Sun ce ina gani."

Ya ce ya roƙa a bar shi ya karanta min, an ce in ya yi wa ɗaya sai ya yi wa kowa, kuma shi ma zai iya rasa aikinsa. Ya ce in yi haƙuri, in yi iya ƙoƙarina. Na ce na gode. Na rubuta lambata a bangon takardar amsa, wannan hannuna ya san wurinsa. Na sake sunkuyawa na farauto kalmomi ɗaya-ɗaya, na haɗa abin da nake zaton tambaya ta farko ce. Da na kai jadawalin sai lambobin suka narke. Bakwai ce ko ɗaya, uku ce ko takwas, kowace na duba sai ta gudu. Na ajiye biro. Na zauna ina jin fankoki da ƙarar takardun mutane, wani yana jan hanci, wata tana neman ƙarin takarda. Ban yi addu'a ba, ban yi kuka ba. Yunwa ma na ɗan ji wajen ƙarshe.

Da aka tashi na bi ayari zuwa babbar ƙofa. Tun daga nesa na ji muryar Baba.

"Uwata! Uwata, nan!"

Ya rufe shago ya zo. Yana tsaye gefen masu sayar da katin waya, ya ɗaga wani allo da hannu biyu sama da kansa, ɗalibai na ratsa shi suna kallo. Na matsa. Farin allo ne mai shuɗin rubutu, irin wanda ake kafawa a ƙofar ofis, amma ya yi shi da girma. Sunana ne cikakke, a ƙarƙashinsa sunan digirin. Haruffan manya ne, masu kauri, da tazara mai kyau a tsakaninsu. Na karanta shi daga farko har ƙarshe. Duk yinin nan shi kaɗai ne abin da na karanta.

"Na ce ba sai an jira sakamako ba," ya ce. "Yaya, ta yi sauƙi?"

"Ban rubuta komai ba, Baba. Ba na gani."

Allon ya sauko a hankali har ya tsaya a ƙirjinsa. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya matso dab da kunnena.

"Yi a hankali," ya ce. "Mutane na ji."

Muka tsaya haka, ana ta wuce mu. Can ya ce bari ya tsayar mana da mota, ya miƙo min allon, ya ce in riƙe ta gefe don bai gama bushewa ba. Na riƙe ta gefe.